Lambun da Na Tsabtace

Kilo hamsin da ɗaya. Likita ta rubuta a kati, ta ja layi a ƙarƙashi, sannan ta dubi maigidana ta saman tabarau.

"Baba, ku dawo nan da mako shida. In ka ragu daga wannan, ko da kilo ɗaya ne, gado zan ba ka."

"Gadon da na baro?" in ji shi. "Kwana arba'in na yi a kansa, 'yata. In na koma ɗakin nan, a kwance za a fito da ni."

Ta yi murmushi, ta ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Ni da na shekara arba'in da huɗu da shi na san muryar da yake zolaya da ita, kuma ba ita ba ce.

Aikin hanji aka yi masa. Wurin ɗinki ya yi ruwa, aka bi shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta kala uku, wani na bin wani. Ciwon ya warke sarai, amma cikin ya ƙi komawa daidai. Wata huɗu ke nan yana zawo, sau shida sau bakwai a yini. Mutumin da ya kai kilo sittin da takwas, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗaga ƙarafan injin a masaƙa, ya koma sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Na ƙara wa bel ɗinsa huda uku da ƙusa.

Ni kuwa shekara talatin da biyu na yi a ɗakin awo na asibiti, ina duba jini da fitsari da bayan gida a ƙarƙashin na'urar nan mai girmama abin da ido ba ya gani, wadda mu a wurin aiki muke kira madubi kawai. Shi ya sa yake kirana Mai Madubi. Saboda haka da aka sallamo shi ban tambayi kowa yadda zan yi ba. Na san abokin gaba, na san kamanninsa, na san abin da ke kashe shi. Na tafasa ruwan sha. Na jiƙa cokula da kwanoni a ruwan kulorin. Abinci kuwa farar shinkafa ce, dafaffiya har ta sallama, sai farin burodi da shayi. Babu ganye, babu wake, babu duk abin da ya taɓa ƙasa kwanan nan. Lambunsa na bayan gida kuma na ce ko ƙofarsa kada ya leƙa.

Autarmu, wadda ke aiki a kantin magani, ta goyi bayana ɗari bisa ɗari. Ta ma ƙara da nata: kwalbar kafso mai hoton hanji yana dariya.

"Mama, kowane ɗaya akwai ƙwayoyi masu amfani biliyan goma a ciki."

"Wa ya ƙirga?"

"Kai, Mama! A jiki aka rubuta."

"Na ga an rubuta. Tambaya nake, bayan sun yi wata nawa a kan kanta cikin zafi, nawa ne ke da sauran numfashi?"

Ta ce ni dai ba a iya mini. Ya shanye kwalba biyu don kada ranta ya ɓaci. Zawo bai san an yi ba.

Akwai abin da ban gaya masa ba, kuma shi ne ya fi damuna a kwanakin nan.

A bayan gidajenmu akwai fili da aka yanka wa mazauna, kowa da ɗan lambunsa. Namu fangali goma sha biyu ne, kuma shekara goma sha tara maigidana bai taɓa kifar da ƙasarsu ba. Ba ya huɗa, ba ya ƙona komai. Busasshen ganye, ɓawon dankali, ƙwanson ƙwai, ciyawar da ya cire, duk ya tara a rami su shekara suna ruɓewa, sannan ya shimfiɗa a kan fangali kamar bargo. Ba ya shuka abu ɗaya a wuri ɗaya: wake na hawa kan masara, albasa a gindin tumatir, kabewa na yawo inda ta ga dama. Maƙwabta suna kiran wurin juji. Ni ma a raina haka nake kiransa.

Lokacin da yake kwance a asibiti, hannuna ya rasa abin yi tsakanin ziyarar safe da ta yamma. Sai na ce bari in yi masa abin arziki, ya dawo ya tarar da lambu kamar na mutane. Na share bargon nan tas, na tara na cinna masa wuta. Na cike ramin. Maƙwabcinmu na lambu, wanda kowa ke kira Sarkin Feshi don ba a ganinsa sai da tanki a baya, ya kifar mini da ƙasar, ya feshe ta, ya zuba takin zamani, muka dasa kabeji layi-layi kamar sojoji. Fangali goma sha ɗaya muka yi. Na goma sha biyun yana bayan tankin ruwa, maganin ya ƙare kafin mu kai gare shi, muka ce sai wani jiƙon.

Kwana uku bayan ganin likita, da safe, na sauko da tsohon madubina daga saman kabad. Na saye shi ne shekarar da asibiti ta canja sababbi. Na goge ƙura, na ajiye shi kusa da taga, na miƙa wa maigidana 'yar roba mai murfi.

Ya dube ta, ya dube ni. "Mai Madubi, ashe ritayar ma ba ta raba ki da kashin mutane ba?"

"Na mutane na bari. Naka ne ban bari ba."

"Da na san har nan auren zai kai, da na yi shawara."

Ya dai kawo. Na shafa a gilashi, na ɗiga launi, na sunkuya. Ƙwan tsutsa nake nema, ko ɗaya daga cikin miyagun da na saba kamawa. Na bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, na sake sabo, na sake bi. Babu. Hannuna har ya ɗauki biro zai rubuta abin da na rubuta sau dubbai: ba a ga komai ba.

Sai na tsaya.

Duk tsawon shekarun nan, in na rubuta ba a ga komai ba, gilashin a cike yake maƙil. Dogaye, gajeru, masu kama da ƙwayar gero, masu jerin gwano kamar duwatsun wuya, cunkus kamar kasuwa. Ba a koya mana mu dube su ba. Mu 'yan sanda ne, ɓarawo aka aiko mu kamawa, sauran jama'a kuwa ture su muke yi mu wuce. Yau ga shi babu ɓarawo, amma kasuwar ta watse. 'Yan tsiraru ne suka rage, kusan duk kamanninsu ɗaya.

Na san ido ba mudu ba ne. Na san mai zawo ruwa ke tsinka masa komai, kuma gilashi ɗaya ba bincike ba ne. Da wata ɗaliba ta zo mini da wannan a matsayin hujja, da na kore ta. Amma na daɗe a zaune, biro a hannu, ban rubuta komai ba.

Da hantsi na je ba kabeji ruwa. Sun yi rawaya, sun tsaya cak kamar an yi musu tsawa. Ƙasar ta yi ɓawo, in na zuba ruwa sai ya kwanta a sama, ya gangare gefe. Sarkin Feshi ya leƙo ta kan shinge.

"Uwargida, taki suke so. Ƙara musu mudu guda ki ga aiki."

"Mako biyu da suka wuce ma haka ka ce."

"To ai ƙasar ce ta saba da ƙazanta, sai a hankali. Ya jikin mutumina?"

Na gaya masa. Ya sauke tankin, ya matso, ya rage murya kamar zai sayar mini da sirri.

"Na gani a waya, wani masani ya ce duk ciwon cikin zamani rashin cin ƙasa ne. Ki ɗebi 'yar kaɗan ki jiƙa masa ya sha. Kakanninmu ai da ƙasa suke cin abinci, kin taɓa jin sun yi irin wannan?"

"Kakanninmu cikin 'ya'ya goma biyar suke binnewa," na ce. "Kuma wace ƙasar zan jiƙa masa? Wadda ka feshe?"

Ya yi dariya, ya ce ni dai bakina ya fi maganinsa ƙarfi.

Da ya tafi na zagaya bayan tankin ruwa. Fangalin da ya tsira yana nan cikin hargitsinsa, ba wanda ya ba shi ruwa tun tuni, amma alayyafo ya fito da kansa, wake ya kama shinge. Na tura yatsa, ya shige ba tare da gardama ba. Ƙasar baƙa ce, da sanyi, tana ƙamshin ruwan farko. Tsutsotsin tana biyu suka nutse da na ɗaga ganyen. Na ɗebi kaɗan a takarda, na ɗebi ta wurin kabeji a wata takardar.

A madubi, ɗigon ruwan ƙasarsa kamar tashar mota: zare-zare farare sun ratsa ko'ina, wasu halittu na iyo, wasu na birgima, wata siririya na lanƙwasa kamar bulala. Tawa ƙasar ba a mace take ba, kada in yi mata ƙarya, akwai motsi jefi-jefi. Amma na gane wurin. Na ga irinsa da safe.

Ban ce ƙasa da hanji abu ɗaya ne ba. Abin da ke zaune a ƙasa ba lallai ya iya zama a cikin mutum ba, kuma kamanni ba dangantaka ba ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannu ɗaya ne ya bi ta wuraren biyu, da niyya ɗaya, kuma nawa ne. Magungunan asibiti sun ceci ransa, ba na musu, sun yi ɓarnar da ba makawa. Amma wata huɗu bayan nan, wa ya tsaya a ƙofa ya hana kowa komawa? 'Yan tsirarun da suka rage ma, me nake ba su su ci? Farar shinkafa.

Washegari na koma asibiti ni kaɗai, na jira layi ya ƙare.

"Likita, tambaya na zo yi, kuma in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Ba zan raina ki ba."

Ta ajiye biro. Na gaya mata abin da nake ba shi. Ta rufe ido kaɗan.

"Mama, wata huɗu? Ai na ɗauka kwana goma na farko kawai kika yi haka."

"Ba ki tambaya ba, ni ma ban faɗa ba."

Ta ce gwaje-gwajensu ba su nuna wata muguwar ƙwaya ba, saboda haka babu dalilin tsare shi haka. Ta ce abin da take da tabbaci a kai shi ne mazauna hanji suna rayuwa ne da abin da mu ba ma iya narkarwa, na ganye da wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba, kuma kowane iri da abin da yake so. A fara kaɗan-kaɗan, a dafe, abu ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙasar da aka noma abin fa? Tana da hannu?"

"Ana bincike. Wasu na ganin tana da shi. Ni dai ban sani ba."

"Madalla. Lambu fa, ya je?"

"Ya je, in dai ba ɗanyen kashin dabbobi a wurin. Ya wanke hannu da sabulu, a wanke ganye da ruwa mai kyau. Kada dai a ba shi ƙasa ya ci, na ji ana yaɗa wannan."

Auta ta yi tsalle ta dire da ta ji. "Mama, ke da bakinki kika ce rigakafi ya fi magani. In ya kwashi wani abu a wurin nan fa? Jikinsa ba shi da ƙarfi!"

Tana da gaskiya, kuma na gaya mata haka. Na ce hatsari ne ta nan, hatsari ne ta can, amma hanyar da muke kai mun ga inda ta nufa, kilo goma sha bakwai ta ci. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce, "In wani abu ya faru, Mama..." Ba ta ƙarasa ba. Ba ta bukatar ƙarasawa.

Saura abu mafi wuya. Da la'asar na zauna kusa da maigidana.

"Malam, gobe za mu lambu. Amma akwai abin da na yi."

Na faɗa masa duka, har wutar. Da safe ya riga ni shiryawa. Tafiyar minti biyar ta ɗauke mu ashirin, yana hutawa a jikin kowane turken lantarki. Da muka isa ya tsaya a bakin shinge yana kallon layukan kabeji. Ya durƙusa da ƙyar, ya ƙwanƙwasa ƙasar da bayan yatsa kamar mai sallama a ƙofar gidan da aka tashi.

"Shekara goma sha tara," ya ce.

"Na ɗauka gyara nake yi."

"Na sani. Ke ai ko aljanna aka kai ki sai kin nemi tsintsiya."

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ja hannunsa zuwa bayan tankin. Da ya ga fangalin nan ya zauna daɓas a gefensa, ya tura hannu biyu cikin ƙasar har wuyan hannu, ya bar su a can. Na kau da kai, na shiga tsinkar alayyafo.

Daga ranar na tafiyar da abin kamar yadda na iya aiki. Na sami littafi, na ja layuka: abin da ya ci, sau nawa ya zaga, yaya kamanninsa. Kwana uku karas dafaffe. Kwana uku kabewa. Alayyafo cokali biyu. Ranar da na gwada wake ya kwana biyu yana zarya, cikinsa na ƙugi kamar injin nika, Auta ta zo ta tsaya a kaina tana harara ta. Na janye waken, na jira mako, na dawo da shi cokali ɗaya, an cire ɓawo. Wannan karon waken ya zauna masa. Abin da fangali ɗaya bai iya bayarwa ba na sayo a kasuwa, ban kuma tambayi yadda aka noma shi ba, don ba ni da zaɓi.

Kullum da safe muna lambu. Ya sa na tone ramin da na cike. Yana zaune a kan bokiti yana ba da umarni, ni ina bin gidajen maƙwabta ina roƙon ɓawon dankali da busasshen ganye, ni da na yi shekaru ina yi musu wa'azin shara. Ya riƙa ɗibar ƙasa hannu-hannu daga fangalin da ya tsira yana barbaɗawa a sauran, yana rufewa da ganye.

"Iri ne," ya ce. "Su ma sai an kai musu iri."

"Ka tabbata, ko dai ji kake?"

"Ke ki duba a madubinki. Ni shuka za ta gaya mini."

Zawon ya sauko daga bakwai zuwa biyar, ya koma shida, ya sauko huɗu. Ya fara cewa abinci ya yi kaɗan gishiri, wanda rabon da ya yi ƙorafi a kan abinci tun kafin aiki. Amma a ido bai ƙara komai ba. Wuyan rigarsa na nan yana lilo.

Ranar komawa asibiti na lura tafiyarsa ta canja, yana jan ƙafar dama. Muna zaune a layi na ga aljihun wandonsa ya zazzago. Da aka kira mu ya nufi sikeli da sauri, abin da bai saba ba.

"Malam, dakata."

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Mene ne a aljihunka?"

"Makullai ne."

"Makullan gidan wa ke da wannan nauyin?"

Likita na kallonmu. Ya juyo, ya dube ni, kuma ban taɓa ganin roƙo a idonsa irin na ranar ba. Na san abin da nake shirin jawo masa. In na yi shiru, zai hau, lamba ta yi kyau, mu koma gida tare. In na yi magana, wataƙila yau a wancan ɗakin zai kwana. Amma in lambar ƙarya ce, to duk abin da ke cikin littafina ya zama banza, kuma in yana zubewa ne a hankali ba wanda zai sani sai ya makara.

"Fito da su," na ce.

Ya zaro kwaɗon ƙofar lambu, babba, ya ajiye a tebur. Ya zaro kan guduma daga ɗaya aljihun. Likita ta toshe baki da hannu.

"Baba! Har da guduma?"

"Ba ta da ƙota, 'yata, ba ta cika guduma ba."

Ya cire takalmi, ya hau. Na kasa kallon lambar, sai na kalli fuskar likita. Ta sunkuya, ta gyara tabarau.

"Hamsin da ɗaya da ɗigo huɗu."

"Wato me?" in ji shi.

"Wato ba ka ragu ba. Ka ma ɗan taɓa. Ku dawo bayan wata ɗaya, a ci gaba da abin da ake yi."

Gram ɗari huɗu. Kofin ruwa biyu ne, in ya sha kafin mu fito, kuma ban tambaye shi ba. Ko waken ne, ko ganyen, ko ranar da yake sha a lambu, ko dai lokaci ne kawai ya yi, ban sani ba. Na canja abubuwa da yawa a tare, wanda duk mai awo ya san ba a yi.

A hanyar fita ya ba ni kan gudumar in riƙe masa a jaka. Muka sauka matakala a hankali, yana dafe da kafaɗata.

"Ƙasar nan da na ɓata," na ce, "yaushe za ta dawo?"

Ya yi lissafi a ransa. "In an bi ta da haƙuri, shekara uku. Wataƙila huɗu."

"To ni ban iya ba. Sai ka daure ka kai."

"Za a duba," ya ce. "Me za mu ci da rana?"